DAUSHE: TARIHIN GORO DA ILMIN AJIYARSA A ƘASAR HAUSA



Gabatarwa

Yawancin abin da ɗan Adam ke ci ko sha, sabonsa ya fi tsohonsa. Nono in ya kwana biyu sai ya yi tsami, nama ya yi wari, tuwo kuwa ya koma ɗumame. Amma akwai waɗansu 'yan abubuwa kaɗan waɗanda daɗewa ke ƙara musu daraja, har a riƙa sayen tsohonsu da tsada fiye da sabonsu. Hausawa sun san da haka tun tuni, shi ya sa suke cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Kusada ko ta Kankiya ya ga misalin wannan da idonsa. Dattijo zai taso daga Boko, ko Yashe, ko Mawashi, ya zo ya tsuguna gaban mai goro, ya ɗaga jiƙaƙƙen tsumman da aka lulluɓe faifai da shi, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya jujjuya ta, ya danna ta da babban yatsa, sa'an nan ya ce, "Malam, wannan daushe ne ko sabo?" In aka ce masa daushe ne, watau goron bara wanda ya kwanta, to zai biya abin da ya fi kuɗin sabo, kuma ba zai ga an cuce shi ba. Wannan dattijo mai yiwuwa bai taɓa ganin itacen goro ba, gama goro ba ya fita a ƙasar Katsina. Duk da haka ya san asalin goro, ya san ajinsa, ya san shekarunsa.

Abin da nake so in nuna a wannan lacca shi ne, wannan sani na dattijon nan ilmi ne sosai, mai tarihin shekara ɗari biyar da ɗoriya, kuma a kansa aka gina dukiyar manyan gidajen fatauci na ƙasar Hausa. Domin a gane girmansa zan kwatanta shi da irin ilmin da Faransawa suka tara game da jar giyarsu ta inabi. Na san wani zai ce, me ya haɗa mu da abin da addini ya haramta? Ba tallarta na zo yi ba. Likita yakan karanci guba ba don ya sha ba, haka shi ma mai nazarin tarihi yakan duba yadda wata al'umma ta sarrafa abin da ke hannunta, don ya auna yadda tasa al'ummar ta yi da nata.

Faransawa da giyar Bordo

Birnin Bordo yana kudu maso yammacin Faransa, kusa da inda kogi ke shiga teku. Tun daga 1154 har zuwa 1453 yankin yana ƙarƙashin sarakunan Ingila, saboda haka Ingilishi suka saba da giyarsa, suka zama manyan masu sayenta. Amma a wancan zamani ba wanda ke ajiye giya ta daɗe. A ganga ake kai ta, kuma in ta shekara sai ta lalace. Sai a ƙarni na 18, bayan da kwalba mai ƙarfi da marfin toshiya na ɓawon itace suka yawaita, aka gane cewa in an kwantar da kwalba a ɗaki mai duhu da sanyi, wata giyar takan gyaru maimakon ta ɓaci. Ke nan ita kanta ajiyar dabara ce da mutum ya ƙago, ba halitta ba ce.

Sirrin abin yana cikin wani sinadari da ake kira tanin, wanda ke cikin ɓawon inabi da 'ya'yansa, da kuma itacen gangar da ake zuba giyar a ciki. Mu ma mun san shi, domin shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ne kuma ke kawo baurin da ke kama harshe. Sabuwar giyar Bordo mai daraja tana da bauri ƙwarai. Akan bar ta a gangar da ke cin lita 225 har wata 18 ko shekara 2, sa'an nan a ɗura a kwalba. A hankali baurin yakan kwanta, launi ya juya daga ja mai duhu zuwa jan ƙasa, ƙanshi ya sauya. Mafi kyawunta takan kai shekara 20 ko 30, wani lokaci fiye da haka. Amma a lura, mafi yawan giyar da ake yi a duniya ba ta da ƙarfin jure wannan. Tsufa ba ya gyara abin da tun asali ba shi da kyau. Don haka masana abin ke tambayar abu uku: daga wace gona, ta wace shekara, kuma wa ya ajiye ta? Har yau suna ambaton 1945 da 1961 da 1982 a matsayin shekarun da damina da rana suka yi daidai.

Babban abin da Faransawa suka yi shi ne sun rubuta wannan sani. A 1855, lokacin baje kolin duniya da Sarki Napoleon na III ya shirya a Paris, aka nemi dillalan Bordo su jera gonakin inabi bisa ga daraja. Dillalan ba su ƙago kome ba, sai suka duba farashin da kowace gona ta saba samu shekara da shekaru, suka kasa su aji biyar. A aji na ɗaya suka sa Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Wannan jeri yana nan har yau, kuma babban gyaran da aka yi masa shi ne na 1973, sa'ad da aka ɗaga Mouton Rothschild zuwa aji na ɗaya. A 1935 kuma gwamnati ta kafa dokar kare sunan wuri, yadda ba mai ikon kiran giyarsa da sunan wani yanki sai in a can aka noma inabin, bisa ƙa'idar da aka shimfiɗa. Mu riƙe wannan a zuci: sanin dillalai ne aka mayar doka.

Yadda goro ya shigo ƙasar Hausa

A daidai shekarun da Ingilishi ke barin Bordo, a nan gida ana buɗe hanyar goro. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu, 1452 zuwa 1463, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Littafin ya kuma kawo labarin cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau goro 10,000, kuma ita ce ta fara samun goro a ƙasar Hausa. Masana tarihi sun yi saɓani a kan zamanin Amina, amma labarin ya nuna abu biyu: da farko goro abincin sarakuna ne, kuma tun farko yana zuwa ta hanya biyu, ta Gwanja da ta Nupe.

Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau. Ita ma ba ta noman goro. A kurmin Asante da ke kudu da ita yake fita. Gwanja kasuwa ce kawai, amma da yake a can Bahaushe ke saye, sai sunan ya bi goron. A tsakiyar ƙarni na 18 Asante ta ci Gwanja da yaƙi, kuma a ƙarni na 19 sarakunan Kumasi suka tsare fataken arewa a garin Salaga, ba su yarda su wuce zuwa inda itatuwan suke ba. Salaga ta zama babbar kasuwar goro ta Afirka ta Yamma, cike da unguwannin Hausawa da masallatai da makarantun allo.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 ya ƙara wa wannan ciniki ƙarfi. Daular da aka kafa ta hana giya, malamai da yawa sun ƙi taba, amma goro ba wanda ya hana shi. Yana kore barci, yana kashe yunwa da ƙishirwa, saboda haka ya dace da malami mai karatun dare da matafiyi da manomi. Daga fada ya sauko cikin gari, ya shiga ɗaurin aure da suna da gaisuwar surukai, har ya shiga harshe. Kyautar salla goron salla ce ko da kuɗi aka bayar, katin biki goron gayyata ne, kuma wanda aka ce wa "Albishirinka" ba shi da amsa sai "Goro."

Hanyar Gwanja

A ƙarshen Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tashi daga Katsina zuwa Kano. Hanyarsa ta bi ta Kusada, inda ya tarar da gari mai ganuwa, sa'an nan ta bi ta Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Ke nan wannan yanki namu ba lungu ba ne, a kan babbar hanyar fatauci yake. A Kano Barth ya ƙiyasta cewa kowace shekara ana shigo da goro fiye da kayan jaki 500, kuma kowane kaya in ya iso lafiya yakan yi wuri 200,000. A lissafin lokacin, wuri 2,500 ne ke daidai da liyari ɗaya na azurfa, watau kayan jaki ɗaya ya kai liyari 80. Ya ce goro ya zama wa mutanen ƙasar kamar yadda shayi da gahawa suke ga Turawa, ya kuma yi gargaɗi cewa kaya ne mai saurin lalacewa.

Wannan gargaɗi shi ne zuciyar maganarmu. Tafiya daga Kano zuwa Salaga da dawowa takan ci wata shida, wani lokaci har shekara. Ayari yakan ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo ko Busa, ya ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, ya bi ta Sansanin Mango ko Yandi, sa'an nan Salaga. A 1826 Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama yana dawowa daga Gwanja, mutum sama da 1,000 maza da mata, da dabbobi kusan yawan haka. Madugu ke shugabanci, jagaba na gaba yana neman zango, uban dawaki yana kula da fito da harajin sarakunan hanya. Da zuwa sukan ɗauki kanwa da tufafin Kano da jar fata da busasshiyar albasa da dabbobi. Da dawowa kuwa goro. Haka nan ba za mu ɓoye ba, akwai bayi cikin kayan da ake kaiwa Salaga, akwai su kuma cikin masu dako.

Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan wannan fatauci, ya nuna cewa jama'a uku ne suka fi riƙe shi: Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasashen Buzaye suka zauna a karkarar Katsina da Kano, da kuma Kambarin Barebari, waɗanda cibiyarsu ke Gummi. Abin tambaya shi ne, me ya sa 'yan gidaje kaɗan suka mallake ciniki mai riba haka? Jari yana ciki, amana tsakanin dangi tana ciki, amma akwai na uku. Kowa na iya sayen goro a Salaga in yana da kuɗi. Ba kowa ba ne zai iya fito da shi daga laimar kurmi, ya ratsa da shi cikin hunturu da zafin bazara wata uku a bayan jaki, ya sauke shi a Kurmi ta Kano yana da rai. Wannan sani a gida ake koyonsa, daga uba zuwa ɗa, daga ubangida zuwa yaronsa.

Asali, girma da lokaci

Kamar yadda dillalan Bordo ke tambayar gona da shekara, haka fataken goro suka kasa kayansu ta fuska uku.

Ta farko ita ce iri da asali. Goron da Bahaushe ke so shi ne mai ɓari biyu, wanda masana tsirrai ke kira Cola nitida. Akwai wani mai ɓari uku zuwa sama, Cola acuminata, wanda Yarabawa da Ibo ke girmamawa a al'adunsu; Hausawa na kiransa hannunruwa, ba su kuma cika sonsa ba saboda yauƙinsa. A cikin mai ɓari biyun ma akwai fifiko. Wanda ya fi kowane suna shi ne na Labozhi a ƙasar Nupe, wanda Hausawa ke kira labuje. S. F. Nadel, a littafinsa na 1942 a kan Nupe, ya bayyana cewa gonakin goron nan a hannun Etsu Nupe suke, ba kowa ke da ikon sayar da amfaninsu ba. Ga goro mai sunan garinsu, mai tsaron sarki, tun kafin Faransa ta yi dokarta ta 1935.

Ta biyu ita ce girma. Barth ya rubuta aji huɗu da ake amfani da su a Kano: goriya, ita ce mafi girma, sai marsa, sai saran waga, sai minu, ƙanana. Waɗansu daga cikin waɗannan kalmomi suna bakin 'yan goro har yanzu. Ga kuma launi, fari da ja, inda farin ya fi shiga kyautar girmamawa. Ƙirga kuwa da ƙwarya ake yi, ƙwarya ɗaya goro 100.

Ta uku ita ce lokacin ɗiba, kuma a nan ne maganar ajiya ta shigo. Barth ya kawo suna uku: jan karago, na farkon kaka, mai saurin lalacewa, gamagari, na tsakiyar kaka, lokacin da yawancin 'ya'yan suka nuna, da nata, na ƙarshe, ƙanana amma masu jure ajiya. Ku duba da kyau. Tun a tsakiyar ƙarni na 19, daidai lokacin da ake jera gonakin Bordo, ɗan kasuwar Kano ya riga ya san cewa goron da ya fi kyan gani ba lalle ne shi ya fi daɗewa ba, kuma yana da suna ga kowane. Wanda zai sayar gobe da wanda zai ajiye har damina ba goro ɗaya suke saye ba.

Yadda ake yin daushe

Na ce "yin" daushe da gangan, gama daushe ba ya yin kansa. A nan ne goro ya bambanta da giyar inabi. Ita giya da zarar an toshe kwalba aikin mutum ya kusa ƙarewa, sai jira. Goro kuwa iri ne mai rai, yana numfashi, yana fitar da gumi, in ya sami laima da yawa ya yi tsiro ko ya ruɓe, in ya sha iska ya bushe ya yamutse ya zama itace. Mai ajiyarsa kullum yana tsakanin wuta biyu.

Babbar kakar goro takan faɗo daga wajen Oktoba zuwa Disamba. In an fasa kwanso aka fitar da ƙwayoyin, akan jiƙa su ko a tara su har farar fatar da ke jikinsu ta yi laushi, a murje ta, a wanke. Sa'an nan a zuba a kwando marar shimfiɗa na 'yan kwanaki don ya zubar da ruwan jikinsa. Bayan haka sai a shimfiɗa ganye, musamman ganyen fita mai faɗi da santsi, a jera goron, a rufe, a ɗaure. Wannan shi ne huhu. Daga nan aikin gaske ya fara. Lokaci lokaci sai an kwance huhun, a bi goron ɗaya ɗaya da hannu, a fitar da duk wanda ya nuna alamar ciwo, a karye tsiron wanda ya fara tsira, a sake sabon ganye, a mayar. A kan hanyar Gwanja ma haka ake yi a zango, shi ya sa tafiyar ke da nawa. Wake ɗaya ke ɓata gari, goro ɗaya kuma ke ɓata huhu.

Babban abokin gaban goro wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki, wanda ke yin ƙwai a cikin ƙwayar tun tana gona, tsutsarsa ta riƙa ci daga ciki alhali waje yana nan sumul. Wannan ɓarna ita Hausawa ke kira sankara. Abin lura ne cewa da aka tashi neman sunan cutar nan da ke cin jikin mutum a ɓoye, wajen 'yan goro aka je aka aro kalmar.

In goro ya tsira daga duk wannan ya kai wata shida, ya doshi shekara, to ya zama daushe. Ruwansa ya ragu, jikinsa ya yi tauri, in an ɓare shi sai a ji ya yi ƙara. Yauƙi da zafin baurin sabon goro sun kwanta, ɗacin farko ba ya daɗewa sai garɗi ya biyo baya, in an sha ruwa a kansa a ji ruwan ya yi zaƙi. Binciken kimiyya ya nuna cewa goro yana da sinadarin kafin mai kore barci, wajen kashi 2 cikin 100, yana kuma da dangin tanin ɗin nan da muka ambata, waɗanda su ne ke sa wurin da aka gatsa ya yi ja in ya sha iska. Ashe baurin da Bafaranshe ke jira ya kwanta a kwalba, ɗan'uwansa ne Bahaushe ke jira ya kwanta a huhu. Sai dai kada mu zarce da kwatance: ita giya da shekaru ake lissafinta, goro kuwa da watanni, kuma kowane kwancewar huhu yana rage yawansa. Tsadar daushe ladan wahala ce da kuɗin abin da aka zubar.

Rushewar tsohuwar hanya

A 1874 sojan Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka ƙone Kumasi. Salaga ta ɓalle daga Asante, Asante kuwa ta juya goronta zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo da Atebubu. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, Hausawanta suka watsu, da yawa suka koma Kete Karachi, cikinsu har da shahararren malamin nan ɗan Kano, Alhaji Umaru, wanda ya rasu a can a 1934. Sa'an nan goro ya fara bin jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kuma da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki.

Waɗanda suka gane sauyin da wuri su suka ci riba. Alhasan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, wanda kakanninsa suka zo daga ƙasar Katsina, yana cikin waɗanda suka fara aiko da goro ta teku. Da jarin goro ya shiga sayen gyaɗa, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arziki a Afirka ta Yamma. Aliko Ɗangote tattaɓa kunnensa ne ta wajen uwa. Wanda ya bi salsalar wannan dukiya zai tarar da huhun goro a gindinta.

A farkon ƙarni na 20 kuma manoman ƙasar Yarabawa, a Agege da Ota da Shagamu da kewayensu, suka shiga dasa goro mai ɓari biyu don kasuwar arewa. Sunan da suka ba shi, gbanja, kalmar Gwanja ce ta bakin Bahaushe. Hausawa suka bi goron, suka kafa unguwannin Sabo, kamar ta Badun wadda aka kafa a 1916, inda fatoma ke saukar da baƙo, ya saya masa, ya ɗaure masa, ya tsaya masa. A yau Nijeriya ce ke noma kusan rabin goron duniya, mota ta maye gurbin jirgi, kasuwar Mariri a Kano ta zama babbar matattara, daga can kuma yake isowa Kankiya da Kusada da Boko.

Kammalawa

To, mene ne darasin? Faransawa da Hausawa kowannensu ya gano cewa asali da aji da lokaci su ke yin daraja, kowannensu kuma dillalai ne suka fara sanin haka. Bambancin shi ne, su sun rubuta nasu, suka kafa masa doka da makarantu, har ƙaramar gona ta zama suna a duniya. Mu kuwa namu yana cikin kawunan tsofaffi, kuma duk tsohon da aka kai makwanci da nasa kason yake tafiya. Ɗalibai nawa ne a wannan ɗaki za su iya bambanta marsa da minu?

Ba maganar kalmomi kaɗai ba ce. Inda haƙurin zaɓe da sauya ganye ya ragu, sai a nemi gajeriyar hanya. Masu bincike sun sha ba da rahoton cewa waɗansu na zuba wa goro magungunan ƙwari irin su gamalin, wanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta sa sinadarinsa cikin jerin haramtattu a 2009. Goro kuwa ɗanye ake cinsa, ba a dafawa. Mun ga abin da ya sami wakenmu a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da shi saboda ragowar maganin ƙwari. Sunan kaya in ya ɓaci, gyaransa sai an sha wuya.

Hanyar gyara ba ɓoyayya ba ce, maƙwabtanmu sun bi ta. A 2013 aka yi wa barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru rajistar sunan wuri, daga baya kuma aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi. Muna da cibiyar binciken koko ta Badun, wadda aka kafa a 1964, kuma goro yana cikin amfanin gonar da aka ɗora mata. Ya rage ga ma'aikatanmu na gona da ciniki da lafiya su zauna da shugabannin 'yan goro, a rubuta azuzuwan goro da sunayensu na Hausa, a tsai da ƙa'idar ajiya wadda ba guba a cikinta, a kuma kare sunan wuraren da goronsu ya yi fice, irin su Labozhi.

Ku kuma ɗalibai, naku aikin ya fi sauƙi, ya kuma fi gaggawa. In an yi hutu, kowa ya ɗauki littafi da alƙalami ya je wurin tsohon ɗan goron garinsu, ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, a koya mini." Ku tambaye shi sunayen goro, da ganyen da yake so, da yadda yake gane sankara kafin ta fito, da wanda ya koya masa, da hanyar da kakansa ya bi. Abin da zai gaya muku ba ya cikin kowane ɗakin karatu, kuma shi ma kamar daushe yake: in ba a kula da shi da hannu ba, ba zai kai baɗi ba.